Jan Bakin Nene Yublina

"…Lafiya lau na tashi, sai da na jiyo ƙarar gwangwanin nan naka lafiyar ta tsere. Ina saƙona?"

"Nene, ko gaisuwar ba ki gama amsawa ba."

"Na amsa rabi. Sauran sai na ji pinang a hannuna."

Melkianus, wanda duk ƙauyen ke kira Melki, ya jingine babur ɗinsa a gindin lemu ya sauko da jakar kasuwa. Tun da sassafe ya gangara kasuwar Niki-Niki da kwandunan lemu, ya sayar, ya yi wa kakarsa aiken da ta ba shi: jan zare, da ƙwayar pinang da ake taunawa kamar goro tana rina baki ja, da ganyenta, da garin alli. Kakar tasa, Nene Yublina, tana inda take kullum, a bakin ɗakin ciyawar da ake rataye masara a hayaƙi, ƙafafu a miƙe, masaƙa ɗaure a ƙugu. Duk tudun nan babu mai hannunta, kuma ita ma ta san haka. Ba a taɓa haihuwa a zuriyarta ba jariri ya zo bai tarar da mayafinsa na jiransa ba. Wanda ke kan masaƙar yanzu na cikin da Sarci matar Melki ke ɗauke da shi ne, tattaɓa-kunnenta na fari.

Abin da ya kawo cikas shi ne ido. Yanar ido ta rufe mata duka biyun, sai inuwar mutum take gani. Likitocin ido da suka zo garin Soe watan jiya sun ce aiki ne mai sauƙi, amma da suka auna jininta suka tarar suga ya yi sama, suka ce ba mai taɓa ta sai ya sauka. Za su dawo bayan girbin masara, daidai lokacin da ake sa ran haihuwar Sarci. In suka sake mayar da ita, to sai wata shekarar, in da rai. Abin nan ya tsaya wa Melki a zuciya, shi ya sa yau ya shigo da shirinsa, ko jakar bai yarda ya sake ba.

"Ga zarenki."

Ta karɓa, ta murza shi tsakanin yatsu, ta taɓe baki.

"Na ce ja mai duhu, ka kawo mini ja mai rawar kai irinka."

"Ta ina kika ga jan nasa?"

"A yatsa nake ji. Ja ɗumi gare shi."

"Nene, baƙi na miƙo miki. Ga jan nan a hannuna."

Ko gezau ba ta yi ba. "Na sani. Gwada ka nake, in ga ko har yanzu kana yi wa tsofaffi ƙarya. Ashe ba ka daina ba."

Melki ya tsuguna kusa da masaƙar yana kallon aikin. Ko da idon ya tafi, saƙar ta fi ta masu ido biyu tsari, bakin mayafin a miƙe sak, zare bai hau kan zare ba. Sai a wajen adon ne abin ya fara nunawa, inda ake tsinto launi ɗaya bayan ɗaya da hannu.

"Wannan zakaran da kika saƙa a gefen dama, lafiyarsa kuwa?"

"Me ya same shi?"

"Ƙafa uku na gani."

"Da gangan na yi. Biyu na tafiya, ɗaya na harbin uban yaron in ya cika surutu. Ba ni pinang ɗina, kunnen jemage."

"Kin tauna na safe ai."

"Na safe daban, na hantsi daban. Kai za ka koya mini? Tun dutsen Mutis yana tsayin suri nake tauna pinang."

"Shi ya sa ƙasar tudun nan ta yi ja. Kwanaki wasu suka zo daga birnin Kupang da na'ura suna cewa ma'adini ne, na ce su koma, tofin Nene ne."

"Da ka bar su sun haƙa. Tofina ya fi lemun da kake sayarwa daraja. Kai dubi bakinka, fari fat kamar na kare. Ranar da muka je nema maka aure sai da na ce ka rufe shi, kada dangin Sarci su ce ba mutum muka kawo musu ba."

Nan ta taɓa masa inda ke ciwo. A tudun nan namiji da mace, limamin coci da mai yankan shanu, kowa bakinsa ja ne, Melki kaɗai ne ya fita zakka. Tun yana ƙarami ya saci ƙwaya ɗaya daga kwandon kakarsa ya ɓuya ya tauna, jiri ya kwashe shi ya faɗa akurkin kaji, aka tsamo shi da gashin kaza a ka. Daga ranar bai sake ba. In an miƙa masa a taro sai ya ɗauka don girmamawa ya zura a aljihu, kuma har gobe ba a daina tuna masa da akurkin ba.

"Karen nan dai haƙoransa ba sa rawa," in ji shi.

"Nawa ma ba rawa suke ba. Gaisawa suke da juna."

"Kullum kina cewa pinang na ƙarfafa haƙori. To me ya sa sai kin daka shi a turmi kafin ki sa a baki?"

"Sun yi wa ƙasa aiki, sun yi ritaya. Da haƙoran nan na tsinke igiyar bijimi lokacin da ya ja kakanka cikin kwari. Kai ko rake sai Sarci ta fere maka."

"Bara kin ce igiyar akuya ce."

"Ta girma."

Melki ya yi dariya har da dafa ƙasa. Sannan ya gyara zama, ya rage murya.

"Nene, na biya asibitin gunduma. Ma'aikaciyar da ta duba bakinki rannan ta sake yi mini bayani. Ta ce sugan nan ba zai sauka yadda ake so ba muddin dasashinki na kumbure yana ruwa."

"Ji shirme. Suga a yatsa suka same shi, ina ji suka soke ni. Me ya haɗa yatsa da baki? In ban da lokacin cin faten masara, ina suke haɗuwa?"

"A jini suke haɗuwa. Ta ce dasashi in ya ruɓe ya zama ƙofa a buɗe, ƙwayoyin cuta su yi ta shiga jini ta nan, jiki ya yi ta faɗa da su ba hutu, maganin suga ya kasa kama jiki sosai. Shi kuma sugan in ya hau sai ya hana dasashin warkewa. Kowanne ya ɗaure wa ɗan'uwansa gindi."

"Kamar kai da babanka ke nan."

"Ta ce har zuciya abin ba ya ƙyalewa."

"Zuciyata ta binne miji, ta ga yunwa, ta raine ka. Wanda ya raine ka bai mutu ba, ƙwayar cuta ce za ta kashe shi? Kuma wa ya gaya mata dasashina na jini? Ni ban taɓa gani ba."

"Ina za ki gani? Bakin da ya shekara saba'in yana tofar da ja."

Gaskiyar ke nan, kuma ba Nene kaɗai ta shafa ba. A garin da kowa ke tofar da ja tun daga wayewar gari, jini ya samu wurin ɓuya. Mutum sai ya shekara da shekaru dasashinsa na zuba, yana kallon abin a ƙasa yana yaba kyan pinang ɗin bana.

"Ranar da za a auna jininki," in ji Melki, "an hana ki sa komai a baki tun da kika tashi, har pinang. Kina tuna irin zagin da kika yi wa direba?"

"Ya cancanta."

"Muna zaune a benci kina ƙulla gezar gyalenki, kika kai farin zare baki kika yanke. Ina kallo ya fito ja. Ba ki tauna komai ba ranar, Nene."

Ƙoshiyar saƙar ta tsaya a hannunta. Wata kaza ta zo ta leƙa jakar kasuwa ta wuce, ba wanda ya kore ta. Melki ya ji tausayin tsohuwar ya kama shi.

"Ƙawata Oktovina ta je asibitin nan gyaran baki," ta ce can, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ta je da haƙora ta dawo babu ko ɗaya. Yanzu in tana waƙa a coci iska kawai ke fita."

"Nene Oktovina da ma tun ba ta da haƙora ba ta iya waƙa ba."

"Wannan gaskiya ne. Allah ya yafe mata."

"Ke ba cire miki za a yi ba. Kankare dattin da ya daskare a gindin haƙoran za a yi, a wanke, a ba ki magani. Sai dai biyun nan na gaba masu gaisawa, su ban yi miki alkawari ba."

"Da su nake yanke zare!"

"Akwai almakashi."

"Almakashi na ragwaye ne. Sai kuma me?"

"Sai kuma a bar pinang. Allin nan ƙona dasashin yake."

"To ka gama? Ɗauki gwangwaninka ka hau. Ka bar mini jakar."

Melki ya san za a zo nan. Ya ja jakar ya buɗe, ya zaro mayafi ya ɗaura a ƙugu bisa wandonsa, yadda ake yi in za a tsaya gaban manya. Sannan ya fito da oko, ɗan kwandon kaba mai ado da duwatsu wanda ake miƙa pinang a ciki, ya jera ƙwayar da ganyen da allin, ya durƙusa ya ajiye shi a gabanta da hannu biyu. Duk wanda ya tashi a tudun nan ya san ma'anar wannan. Da oko ake neman aure, da shi ake ba da haƙuri in an yi faɗa, da shi ake roƙon abin da baki kawai ba zai iya roƙa ba. In wanda aka ajiye wa ya ɗauka aka tauna, magana ta ƙullu. In ya bar shi a ƙasa, an ƙi, kuma abin kunya ne ga mai roƙon.

Nene ta ji ƙarar duwatsun. Ta miƙa hannu ta laluba, ta taɓa kwandon, hannun ya zarce ya taɓa gefen mayafin da ke ƙugunsa. Yatsunta suka bi adon a hankali.

"Wannan na haihuwarka ne."

"Shi ne."

"Na yi shi da auduga ta gonar bayan coci. An haife ka kamar ɓera, na ce asarar zare na yi." Ta ja hanci. "To yi magana, tunda ka zama babban mutum."

"Nene, ni Melkianus jikanki, da Sarci, da wanda ke cikin Sarci, mun zo roƙo. Ki bi ni asibiti a gyara bakin nan, ki ajiye pinang, sugan ya sauka a buɗe miki ido. Ba na so a kawo miki yaron ki laluba fuskarsa da hannu. So nake ki gan shi."

Muryarsa ta ɗan karye a ƙarshe, ya ji haushin kansa. Sai kafaɗun tsohuwar suka fara rawa. Ya ɗauka kuka take. Ashe dariya ce.

"Wayyo ni Yublina. Wa ya tsara maka wannan?"

"Ni da kaina."

"Ya nuna. Yanzu in na amsa roƙon, me zan yi?"

"Ki ɗauka."

"In na ɗauka fa?"

"A… tauna."

"Roƙon kuma na mene ne?"

Melki ya dafe kai. Kwana da kwanaki yana shirya abin nan, har ya gwada durƙuson a gaban Sarci, amma ko sau ɗaya wannan bai faɗo masa a rai ba.

"Ka zo da pinang kana roƙon in bar pinang. In na tauna na karya maganar tun ba ta tashi ba. In ban tauna ba, ba a yi maganar ba. Kunnuwa har biyu manya-manya, babu komai a tsakaninsu."

"To ki ɗauka kawai, a bar taunar."

"A gidan wa? Oko ba a tauna a kansa ba ai wasan yara ne. So kake kakanka ya juya a kabari?"

Ta sa hannu ta ɗauki ƙwayar. Daga cikin zaninta ta fito da ɗan turminta na gora, wanda ya yi baƙi ya yi santsi don tsufa. Marigayi mijinta, Ba'i Nitanel, shi ne ya sassaƙa mata shi da hannunsa lokacin da haƙoranta suka fara gazawa, kuma kullum da hantsi a nan bakin ɗakin suke zama, shi yana daka mata tana yi masa faɗa. Tun da ya rasu ba ta fasa wannan zaman ba. Melki ya sani sarai ba ƙwaya kawai yake roƙonta ta bari ba.

Ta jefa ƙwayar a turmin, ta tsinka ganyen, ta barbaɗa alli. Ta daka a natse, ba gaggawa. Ta kwashe a tafin hannu, ta kai hanci ta shaƙa, ta daɗe tana shaƙa. Melki ya sunkuyar da kai, ya riga ya sallama.

"Matso."

"Na'am?"

"Matso, buɗe bakin karen nan."

"Nene!"

"Al'ada ta ce a tauna. Ba ta ce bakin wa ba. Na ɗauka, na daka, na amsa. Saura naka."

"A ina aka taɓa yin haka?"

"Yau aka fara, kuma a gabana. Duk tudun nan akwai wanda ya girme ni da zai ce ba haka ba ne? Kai kana so in bar abin da na shekara saba'in ina yi, ka kasa yin na yini ɗaya? Buɗe."

Ya dubi abin da ke tafin hannunta, ya dubi akurkin kaji da ke can gefe, wanda har yau yana nan inda yake. Ya rufe ido ya buɗe baki.

Da farko ɗaci ne da zafi. Sannan yawu ya cika masa baki, kunnuwan nan suka ɗauki ɗumi, gumi ya keto masa duk da sanyin tudu. Ya yunƙura zai tashi ya tofar, bishiyar lemu ta tafi hagu, ɗakin masara ya tafi dama. Sai ga magidanci mai jiran haihuwa a ƙasa, gwiwa biyu hannu biyu, yana rarrafe yana neman inda duniya ta tsaya.

"Sarci!" Nene ta ƙwala kira tana riƙe da ciki. "Rufe akurki, mijinki ya taso!"

Sarci ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ga mijinta da jan baki har haɓa, ta koma ciki da gudu. Dariyarta kawai ake jiyowa.

"Na… na tauna," in ji Melki da kyar. "Magana ta ƙullu."

"Ta ƙullu. Ni ban taɓa cin amanar oko ba, ba kuma a kanka zan fara ba." Ta goge hawayen dariya da bakin zani. Ta juya ɗan turmin a hannunta sau ɗaya, ta ƙwanƙwasa shi a ƙasa ragowar allin ya zube, ta laluba ta tura masa cikin mayafinsa. "Riƙe. Ka kai ɗakinka ka ajiye inda hannuna ba zai kai ba, don na san halina. In ka yar da shi, kai da kakanka."

Melki ya damƙe turmin. Ya so ya yi godiya, bakin ya ƙi ba shi haɗin kai.

Sai ta kai hannu baya ta kwance igiyar masaƙar daga ƙugunta. Rana ko tsaka ba ta yi ba. Tun da Melki ya yi wayo bai taɓa ganin ta kwance masaƙa kafin la'asar ba, ko ranar da aka yi girgizar ƙasa sai da ta kai ƙarshen layi. Ta naɗe aikin a hankali, ta tsaya daidai gefen dama, ta shafa wurin da yatsa.

"Melki."

"Na'am, Nene."

"Tsakaninka da Allah. Zakaran nan, da gaske ƙafa uku ne?"

Ya ɗago kai daga inda yake durƙushe.

"Huɗu ne, Nene. Na rage ɗaya don girmanki."

Ta fashe da dariya har jajayen haƙoran nan biyu na gaba suna gaisawa.

"To ba zan ƙara zare ko ɗaya ba sai na gan shi da idona. Kuma ba zan warware shi ba. In yaron ya girma ya tambaya, in ce masa hoton ubansa ne ranar da ya zo roƙo. Tashi ka wanke baki, mai ƙafa huɗu. Gobe da safe kai za ka tuƙa ni, kuma ba na hawa bayan mashayi."